Kujerar da Nomau Ya Ƙi Gamawa

An ce wai a zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, an yi wani falke a garin Garun Maje, sunansa na yanka Isiyaku, amma tun yana goye ake ce masa Nomau, don ana tsakar noma aka haife shi. Fataucin kanwa ya gada, da shi kuma yake ci da iyalinsa. Sai dai Allah ya jarrabe shi da son sassaƙa, abin da babu wanda ya taɓa yi a zuriyarsu. Da ya dawo daga kasuwa ya sallaci la'asar, sai ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki gizago, ya zauna gindin durumin ƙofar gida yana fama da itace har magariba. Masassaƙan garin suna yi masa dariya, suna ce masa ɗan haye. Shi kuwa bai taɓa sayar da ko kujerar tsuguno ba. In ya gama abu kyauta yake bayarwa, in an rasa mai karɓa ya cusa wa matarsa Tabawa a ɗaki, har ta riƙa cewa ita dai miji ɗaya ta aura, amma ƙarƙashin kujeru arba'in take sharewa.

Nomau yana da ƙane guda, Jibo, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma daga su biyu babu na uku. Duk garin Jibo ne kaɗai ba ya raina wannan sassaƙa, shi ne mai zama kusa da wansa yana zuba masa labari yayin da sassaƙen itace ke tashi. Shekarar da Jibo ya ɗaura niyyar bin ayarin alhazai, ana gobe za su tashi, Nomau ya jawo shi zaure ya zaunar, ya ɗauko igiya ya auna shi daga diddige zuwa gwiwa, daga ƙugu zuwa kafaɗa, kowane awo ya yi masa ƙulli. Jibo yana dariya ya tuna masa cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Nomau ya ce:

"Kujera zan yi maka mai hannu da majingini, wadda Alhaji zai zauna a kai a zo gaishe shi. Ka je ka dawo. Kafin in gama ta kana gida."

Ayari ya tashi. Nomau ya je gonar mahaifinsu ya sare maɗacin da suke shan inuwarsa suna yara, ya bar shi shekara guda ya bushe, sa'an nan ya fara aiki. Bai sa mata ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba, kowace gaɓa ya fafe ta ya shigar da 'yar'uwarta, ya danne da ƙusar itace. A shekara ta uku kujera ta tsaya da ƙafafunta. A ta biyar ayarin ya dawo babu Jibo, aka ce an bar shi can bakin kogin Nilu yana tsinkar auduga don ya haɗa guzurin komowa. Daga nan labari ya yanke.

Abin da ya rage wa kujerar a lokacin bai fi aikin wuni ɗaya ba: ƙusar itace guda a hannun hagu, sai shafa man kaɗe, wanda shi ne ƙarshen aiki. Nomau ya jefa ƙusar a aljihu, ya rufe tukunyar man. Ya yi wa kansa wani tunani irin na masu bege, wanda mai hankali zai yi wa dariya in bai taɓa jiran kowa ba. Tun da ya ce kafin ya gama Jibo yana gida, to muddin bai gama ba, Jibo bai makara ba. Kowace kaka sai ya fito da ita tsakar gida, ya kankare ta da fasasshiyar kwalba, ya goge da yashi mai laushi, ya zauna a ƙasa yana kallonta, sa'an nan ya mai da ita bisa duwatsu huɗu saboda gara, ya lulluɓe da zane. Haka ya yi har shekara talatin da huɗu. Gemunsa ya yi fari fat, kujerar ta yi santsi kamar bayan ƙwarya, kuma babu mahalukin da ya taɓa zama a kanta.

Wata ranar Litinin da hantsi wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidan, magidanci ɗan shekara talatin, Hausarsa da ɗan gargada irin ta waɗanda aka haifa a gabas. Ya durƙusa ya ce shi ɗan Jibo ne. Ya ce mahaifinsa ya sauke farali, ya yi aure a can, shekaru suka yi ta cinye niyyarsa ta komowa, bara waccan kuma Allah ya yi masa rasuwa, bayan ya yi masa wasiyya ya zo gida ya gai da wansa. Nomau ya saurare shi yana duban ƙasa, bai ko tambayi sunansa ba. Da ya gama sai ya ce ƙarya yake yi, ya shige gida ya sa sakata. Tabawa ta yi magana har ta gaji. Baƙon ya sauka a gidan mai unguwa, kullum ya zo ya yi sallama, kullum ba a amsa ba. A kwana na tara Nomau ya sa babbar rigarsa ya tafi gaban Alƙali Zayyanu, ya kai ƙarar baƙon, yana neman a fitar da shi daga garin don ya ƙaga wa rayayye mutuwa.

Alƙali Zayyanu dattijo ne mai yawan shiru, wanda ake cewa idonsa ya fi kunnensa aiki. Ya tambayi baƙon shaida, babu. Fataken da ya biyo sun wuce yamma, takardar da limamin garinsu ya rubuta masa kuma ruwa ya ci ta a wani mashigi. Al'amarin ya tsaya wa alƙali a wuya, domin in ya kori mutumin alhali gaskiya ya faɗa, ya raba maraya da danginsa, in kuwa ya tabbatar da shi alhali maƙaryaci ne, ya dasa bare a zuriyar mutane. Ya daɗe yana duban su biyun, sa'an nan ya ɗaga shari'ar zuwa Alhamis. Ya ce wa Nomau ya ji labarin wata kujera da ke gidansa, yana so ya zo masa da ita ya gani.

Ran Alhamis tun da sassafe aka kai baƙon soron waje, aka nuna masa wani benci, aka ce ya jira har a kira shi. Nomau kuwa aka shigar da shi ta ƙofar baya da kujerarsa a lulluɓe. Alƙali ya sa aka yaye zanen a gaban almuhuti, wato magatakardansa, da dattawa biyu, ya kewaye ta sau biyu yana girgiza kai. Ya ce ashe gaskiyar masassaƙa ne, gado daban haye daban. Mazaunin ya fi faɗi ta hagu, majinginin ya karkace, ga wani rami a ƙarƙashin hannun dama kamar gizago ne ya kuɓuce. Ya ce shekara talatin da huɗu a kan wannan, ai da an ba Tabawa ta hura wuta da ta fi amfani.

Da alƙali ya zagi fataucin Nomau, da ya haƙura, don ba a ja da shari'a. Amma mai yin abu don so ba ya jure a kushe masa shi. Tsoho ya miƙe, ya ce:

"Allah ya gafarta Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masassaƙi yana yi wa kasuwa kujera, kowa ya saya ya zauna. Ni mutum ɗaya na yi wa. Jibo ba ya zama sai ya naɗe ƙafar hagu ya danne ta da cinyarsa, shi ya sa na faɗaɗa nan. In zama ya yi nisa yakan kwanto da kafaɗar dama, shi ya sa majinginin ya bi shi. Wannan ramin kuwa kwana uku na yi ina fafe shi, don in yana tunani ba ya barin babban yatsansa ya huta, sai ya yi ta murza gefen abin da yake zaune a kai. Babu kuskure ko ɗaya a jikinta."

Alƙali ya tambaye shi ko ya taɓa gaya wa wani wannan. Ya ce ko Tabawa ba ta sani ba, baƙon kuwa bai taɓa taka zaurensa ba balle ya ga kujerar. Alƙali ya sa almuhuti ya rubuta, ya karanta masa, Nomau ya ce haka ne. Sa'an nan alƙali ya kama hannunsa kamar aboki, ya kai shi bakin ƙofar da ke tsakaninsu da soron waje, ya ɗan ɗaga asabari, ya ce ya leƙa.

A lokacin rana ta kusa take tsaka, baƙon ya gaji da jira, ya manta cewa a gidan shari'a yake. Ga shi nan a kan benci shi kaɗai, ya naɗe ƙafar hagu ya danne ta da cinya, kafaɗar dama ta kwanto, idonsa na kan ƙofa, babban yatsansa yana ta murza gefen bencin a hankali. Nomau ya tsaya yana kallo. Abin da ya yi shekara talatin da huɗu yana gani a kan kujerar da babu kowa, yau ga shi da jini da tsoka, sai dai ba wanda ya jira ba ne. Sai ya sulale ya zauna a dandamali.

Alƙali ya saki asabarin ya ce:

"Malam Nomau, shari'a ba ta karɓar shaidar itace, amma tana karɓar iƙrarin mai gida. Tun ranar farko na ga yadda yake zama, na kuma ga ka dubi kowa a ɗakin nan ban da shi. Wanda ya tabbata an yi masa ƙarya yakan tsare maƙaryacin da ido, kai kuwa gudun fuskarsa kake yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ba ni da shaidu biyu, amma bakinka ya faɗa yau, hannunka kuma ya riga ya faɗa tun kafin a haife shi. Me ka ce?"

Nomau ya ce:

"Tun da ya yi sallama na sani, don muryar Jibo ce ta shigo mini zaure. Amma Allah ya gafarta Malam, in shi ɗan Jibo ne, to Jibo ya mutu."

Alƙali ya ce ya mutu, Allah ya jiƙansa, kuma shekara biyu ke nan yana kwance ba tare da addu'ar ɗan'uwansa ba, domin ba a yi wa wanda ake jira addu'ar mamaci. Ya ce Jibo bai saɓa alkawari ba, ya dawo da abin da ya iya dawowa da shi. Sa'an nan ya yanke hukunci: an kori ƙarar, baƙon ɗan gida ne bisa iƙrarin baffansa, shi kuma Nomau an ba shi kwana uku ya gama kujerar.

Bai kai kwana ukun ba. Washegari da hantsi ya fito da ita gindin durumi, ya zaro ƙusar itacen nan daga aljihu, ta yi baƙi saboda shafar hannu, ya buga ta sau uku ta shige. Tabawa ta narko sabon man kaɗe, don tsohon ya daɗe da lalacewa. Ya yi ta shafawa da tafin hannunsa, maɗacin yana sha yana yin ja, shi kuma yana kuka ba ya ɓoyewa, maƙwabta suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa ta'aziyyar da ta makara shekara biyu. Masassaƙan garin ma sun zo, kuma babu wanda ya ce ɗan haye.

Da man ya sha, ya kira ɗan ƙanensa ya ce ya zauna. Mutumin ya yi ta jin nauyin zama bisa kujera baffansa yana ƙasa, sai da aka matsa masa. Da ya zauna, ƙafarsa ta hagu ta sami wurinta, kafaɗarsa ta sami majingini, yatsansa ya faɗa ramin nan ba tare da ya lalube shi ba. Sai a lokacin Nomau ya tuna bai san sunansa ba, ya tambaye shi.

"Isiyaku ne, Baffa. Amma mahaifina bai taɓa kama sunan ba har ya rasu. Yaya yake ce mini, safe da yamma."

Nomau ya sunkuyar da kai. Ashe duk shekarun da yake nan yana goge kujera, shi ma Jibo yana can yana kiransa. Ya gyara zama a ƙasa kusa da ƙafar kujerar, inda ya saba zama yana kallonta, ya ce a ba shi labarin ƙanensa tun daga farko, kada a tsallake komai.

Shi ya sa masu hikima suke cewa, wanda ya ƙi gama aiki don kada jira ya ƙare, ya hana kansa wanda ya tafi, ya kuma hana kansa wanda ya zo. Kujera kuwa, komai kyanta, ba ta cika kujera ba sai an zauna a kanta.