Jajayen Duwatsun Malama Tasalla

Kakarmu Iya Dudu ce ta ba mu wannan labarin muna ɓarar gyaɗa. Da aka fara gardama a kan tambayar da ta yi mana a ƙarshe, ni sai na rubuta shi yadda ta faɗa.

Wai akwai wani ƙauye a gindin tsauni, wani ɗan rafi na gangarowa ya ratsa hanyar kasuwarsu. Sai wata malamar jami'a, Malama Tasalla, ta zo bincike. Ta shafa wa duwatsu ɗari jan fenti, ta zuba su can saman rafin, don ta ga iya nisan da ruwa zai mirgino su. Mutane har dariya suke mata, wai mai kiwon duwatsu. Kullum aka ɗauke ruwa sai ta bi rafi tana ƙirga. Ana nan aka yi ruwa mai ƙarfi sau uku, ko dutse ɗaya bai ƙara saukowa ba. Ta tafi wurin dagaci ranta a ɓace, ta ce sace mata ake yi.

A cikin masu saurare akwai Lantana mai ɗibar yashi. Ta san in ta yi magana za ta sha kunya, amma ta miƙe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗauki uku na kafa murhu, sun yi mini kyau ne. Amma sauran ba sata ba ce. Kwana biyar ke nan ko yashi bai sauko ba, ruwan ma ya janye. Wani abu ya tare shi a sama."

Babu wanda ya yarda ya hau, don santsi, sai Nomau, wani tsohon mafarauci mai ciwon gwiwa. Ya tarar gefen tsauni ya zabtaro ya toshe rafin, ruwa ya taru kamar tafki, har ya fara tsattsafowa. Ranar kuwa kasuwa ke ci, mata da kaya a ka sun cika mashigi. Da jan gindi ya sauko yana ihu a gudu a bar mashigin. Matar ƙarshe na taka tudu, ruwa ya ɓalle da laka da duwatsu. Ko akuya ba a rasa ba.

Daga baya aka gina gada a wurin. Dagaci ya ce sunan mutum ɗaya za a sa mata, don suna ba nama ba ne balle a raba.

Iya Dudu ta karkaɗe zaninta ta dube mu. Ta ce, "Da Malama ba ta ƙirga ba, ba wanda zai lura. Da Lantana ta ji kunya, da ɓarawo za a tsaya nema. Da Nomau bai hau ba, da sai dai a ji labari. To ku faɗa mini, sunan wa ya kamata a sa wa gadar nan?"