Jan Murfin Kwalba

An yi wani mutum a wani ƙauye can bayan garin Jakmel, shugaban makaranta ne. Ya iya Faransanci, ba a musu, amma iyawar ta hau masa kai. Kiriyol kuwa, yaren mutanen ƙasar da uwarsa ta goye shi da shi, sai ya koma kiransa yaren 'yan dako.

Ya kafa doka. Ya huda jan murfin kwalba ya zura zare. Duk yaron da aka ji ya yi Kiriyol, a rataya masa, shi kuma ya kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi da murfin a wuyansa, bulala goma. Iyaye suka roƙe shi ya sassauta, ya ce tarbiyya yake yi. Aji ya yi tsit, shi kuwa yana ta murna. Wannan tarbiyya ce, ya 'yan uwa, ko zalunci?

Yana da 'ya ɗaya tak, Mirlande, mai shekara uku, wadda kan yi wasa a harabar makarantar. A can gefe akwai ramin siminti na tara ruwan sama, wata rana kuwa aka bar shi a buɗe.

Wata ɗaliba mai suna Wideline tana zaune bakin taga. Ta miƙe zumbur, ta soma magana da Kiriyol. Kalma biyu ta faɗa, mai murfin ya rugo ya rataya mata, aji ya kwashe da dariya.

Mutumin ya buga bulala a tebur. "Ke uwar surutu, nan kasuwa ce? In da Faransanci ne, bismilla. In ba haka ba, rufe min baki."

Yarinyar ta tsaya tana nuna taga, tana laluben kalmomin da ba ta da su. Shi kuwa ya naɗe hannu yana jira, yana jin daɗin yadda take in-ina. Wallahi ya daɗe yana jira.

Da ta kasa, sai ta ƙwalla ihu da yaren gidansu: "Malam, 'yarka ce ta faɗa ruwa!"

Ko da ya isa, rai ya yi halinsa.

To, da wane yare kuke tsammani ya yi kuka a bakin ramin nan? Duk makarantar ta ji shi, kuma ba Faransanci ba ne. Cikin wata guda iyaye suka kwashe 'ya'yansu, matarsa ta koma gidansu, shi ya zama mai yawo yana magana shi kaɗai.

Ya 'yan uwa, yaro amana ne. Horo daban, ƙasƙanci daban. Malamin da ya toshe bakin yara da tsoro, ranar da yake buƙatar muryarsu ba zai same ta a kan lokaci ba.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya tausasa zukatanmu ga waɗanda ke ƙarƙashinmu. Amin.