'Yar Jimina da Jan Takalmi

An yi wata 'yar jimina mai ji da kai a dajin da ke bakin tafkin Marke. Duk cikin yaran dajin babu mai gudunta, ita ma ta san da haka.

A dajin akwai wata tsohuwar bushiya mai faɗa, ba a taɓa ganin dariyarta ba. Aikinta duba ƙafafun yara. Kullum da la'asar sai 'ya'yan barewa da na zomo da na zabo su wanke ƙafa a tafki, su jeru a ƙofar raminta. Ta buɗa tsakanin yatsu, ta cire ƙaya da tsinin ƙayar jikinta, ta rage farcen da ya yi tsawo, ta shafa man kaɗanya a inda ya yi faso.

Wata rana kurege, wanda ba shi da aiki sai zuga, ya dawo daga kasuwa da jan takalmi, ya miƙa wa 'yar jimina.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar gudu! Irin wannan ƙafa ai ba ta dace da taka ƙasa ba."

A ranar, takalmin ya yi mata daidai. Ta sa shi, ta ƙi cirewa, har barci da shi take yi. Amma ɗan jimina girma yake kamar ana hura shi. Kafin wata guda takalmin ya fara matse ta.

Da ta zo layi, bushiya ta ce, "Ke 'yar nan, tuɓe wannan abin in ga ƙafarki."

"Iya, ƙafata lafiyarta ƙalau."

"Lafiya ƙalau kike taka gefe ɗaya? Ƙafa tana girma, takalmi yana nan yadda yake. Kuma yaushe rabonki da wanke ta? Tun daga nan nake jin wari."

Yara suka tuntsire da dariya. 'Yar jimina ta fusata.

"Ke da ƙafarki ba ta fi tsinke ba, me kika sani game da gudu? Baƙin ciki kike yi da takalmina!"

"To, ja'ira. Ƙafar taki ce."

Daga ranar ba ta sake zuwa ba. Ciwo ya yi ta ƙaruwa, ita kuma ta yi ta ɓoyewa. Don kada a ga tana ɗingishi, sai ta daina fita wasa. In yara suka kira ta tsere, ta ce ba ta gudu da ƙanana. Sai ta koma bayan wata tsamiya ta zauna ita kaɗai, tana jin ihunsu daga nesa. A hankali suka daina kiranta.

Rani ya yi tsanani, tafki ya ƙafe. Dabbobi suka shirya ƙaura zuwa gulbi, tafiyar kwana uku.

Da safe aka kama hanya. 'Yar jimina ta yi taku goma, ta faɗi. Ta tashi, ta sake faɗuwa.

Kurege ya zo wucewa, ta ce, "Kurege, ka taimake ni!"

"Ni fa kyauta na ba ki, ban ce ki kwana da shi ba." Ya ɗaga wutsiya ya yi gaba.

Uwarta ta tsaya a kanta har rana ta ɗaga. Amma tana da ƙananan 'ya'ya shida, ƙishirwa ta fara galabaitar da su. Ta ja ta zuwa ramin bushiya, wadda ba ta ƙaura, ta bar mata amana, ta tafi tana waiwaye.

Bushiya ta sa haƙori ta yage takalmin. Yatsu biyu ne a ƙafar jimina. Babban na dama ya tanƙware ciki, farce ya shige nama, wurin ya yi ruwa. Ta tona gindin tafki ta samo ɗan ruwa, ta wanke ciwon, ta barbaɗa garin bagaruwa.

"Iya, zai miƙe?"

"Ciwon zai warke. Yatsan kuwa ya riga ya girma a haka."

Haka 'yar jimina ta yi rani a dajin da babu kowa sai bushiya. Bushiya yawanci barci take a rami. 'Yar jimina takan ja ƙafa zuwa tafki, ta tsaya tana kallon sawun abokanta da ya bushe a cikin taɓo.

Da ruwa ya sauka, dabbobi suka dawo. Yara suka rugo da murna.

"Zo mu yi tsere!"

Ta gwada. Ko ɗan zabo ya wuce ta. Suka jira ta sau ɗaya, suka jira ta sau biyu. A na uku babu wanda ya waiwayo. Ta tsaya a tsakiyar fili har muryoyinsu suka ɓace, sannan ta juya a hankali.

Darasin wannan labari shi ne, ƙafar yaro tana girma kullum, kuma yadda aka bar ta ta girma haka za ta zauna har tsufa. Ku wanke ƙafafunku, ku goge tsakanin yatsu, a yanke muku farce. Takalmin da ya matse, komai kyansa, a tuɓe shi. In kun ji ciwo ku faɗa tun yana ƙarami, kada ku ɓoye. In babba ya ce ku miƙo ƙafa, ku miƙa, ba gardama.