Motar da Ta Fita Ba Fenti

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, zamanin da kwalta ɗaya ce tal ta ratsa gari, in mota ta wuce sai a leƙo ta kan katanga a ga ko ta wa ce. Sunansa Malam Ilu. Sana'arsa gyaran jikin mota: ya buga lanƙwasa ta miƙe, ya yanke tsatsa, ya yi walda, ya fesa fenti. Kai, jama'a, an yi masu sana'a! In Ilu ya gama da mota, ko ka shafa da tafin hannu ba za ka gane inda ya taɓa ba. Kuma masu wannan aiki suna da al'ada: mota ba ta fita daga hannunsu sai da fenti. A ga tabon waldarka a titi? Abin kunya ne babba, an ga tsiraicin aikinka ke nan.

To, ku saurara. A garin akwai wani tsohon direba, Alhaji Tukur. Ya tsufa, idanu sun tafi, ciwo ya kwantar da shi. Yana da tsohuwar Fijo da ya yi ƙuruciyarsa a cikinta, ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi, ta kai masu naƙuda asibiti. Yanzu tana bayan gida, kaji na ƙwai a ciki. Tsoho ya ce ba ya roƙon komai a wurin 'ya'yansa sai abu ɗaya: kafin ya mutu a zagaya gari da shi a motar nan.

Babban ɗansa, Nafi'u, ya sa aka jawo ta garejin Ilu. Inji ya tashi ba wuya. Amma ƙofar direba, wayyo, tsatsa ta cinye ƙasanta, ka sa yatsa ya ɓulla.

Nafi'u ya ce, "Malam Ilu, akwai sababbin ƙofofi na kwaikwayo a kasuwa. Sa ɗaya, ka fesa fenti, mu ce wa Baba tasa ce. Ai ba gani yake ba."

Ilu ya ce, "In Baba ya yarda a sa sabuwa, yanzu zan sa. Amma in ce masa tasa ce? A'a."

"Haba Malam! Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Allah kuma Ya riga ni sani."

Ya ajiye guduma ya tafi wurin tsoho da ƙafarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa gaskiyar yadda ƙofa take. Tsoho ya ce, "Ilu ɗana, a kan ƙofar nan hannuna ya tsufa. Duk wanda na gaisa da shi a garin nan, ta tagarta muka gaisa. In da hali, ka bar mini ita."

Ilu ya ce, "To, Baba. Da yardar Allah."

Kai mai gyangyaɗi can baya, farka, yanzu aka zo wurin! Ilu ya koma ya zauna wa ƙofar nan. Ya yanke ruɓaɓɓen wuri, ya auna fallen ƙarfe, ya buga, ya gwada, bai zauna ba, ya sake bugawa. Aikin haƙuri ne, ba ya son gaggawa. Nafi'u kuwa kullum yana gareji yana faɗa: "Ka ga abin da taurin kanka ya jawo? In Baba ya rasu bai hau ba, wallahi ba zan yafe maka ba." Ilu sai ya ci gaba da aikinsa. Amma maganar tana cin sa, tana cin sa ƙwarai, domin shi ma abin da yake tsoro ke nan.

Ran nan da hantsi, ya gama walda ke nan, bai goge ba, bai shafa komai ba, sai ga Nafi'u a guje: jikin Baba ya yi tsanani. Ga mota tsaye, ƙofa baƙa ƙirin da ƙuna, faci a fili kamar tsohuwar riga. Sauran masu gareji suka ce, "Ilu, kada ka kuskura! Ka fita da wannan, sunanka ya zube a gari."

Ilu ya ce, "Sunan nawa ya jira. Baba ne ba zai jira ba."

Ya ja motar har ƙofar gida. Aka tallabo tsoho, ya ce a sa shi a kujerar direba ko na ɗan lokaci ne. Ya ɗora hannu a kan ƙofa, ya shafa, ya shafa, hawaye suka zubo. Ya ce, "Ita ce." Sannan aka mai da shi gefe, Ilu ya tuƙa a hankali. Suka bi ta tasha, suka bi ta kasuwa. Wasu na nuna faci suna dariya, "Yau ga aikin Ilu!" Yana ji, bai waiwaya ba. Tsoho kuwa yana ta faɗa, "Nan kwanar masallaci ce ko? Na ji a jikina." Washegari Allah Ya karɓi abinsa.

Allahu akbar. Ina ma a ce irinsu Ilu suna da yawa yau! Wallahi ina kewar mutanen nan.

Jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Kada ka yi wa mutum ƙarya don ba ya gani, kuma kada ka jinkirta alheri don kana jiran ya yi kyau a idon mutane. Wani a nan yana da tsoho a gida, yana cewa sai na samu, sai na shirya, sai na gyara. Kai tela, kai magini, kai ɗan kasuwa, har ni mai maganar. In an tashi daga nan, je ka wurin tsohonka da ɗan abin da ke hannunka, yau yana nan yana jin muryarka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.