Waƙar Shafi'i da Ta Ƙi Goguwa

Akwai wata mai ɗaukar hoto a Agege, sunanta Batulu. Duk matar da ta taɓa zuwa kamu ko suna a unguwar ta san ta, ita ce doguwar nan mai rataye da kyamara tana cewa a matso a matso.

Ba wai ta fi kowa iya hoto ba ne ya sa mata ke rububinta. Amana ce. Ita kaɗai ake bari ta shiga inda mata suka kulle ƙofa, suka ajiye mayafi, suka ci ɗamara suka cashe. Kafin ta ɗaga kyamara takan ce musu, hoton nan daga ni sai mai shi, idon namiji ba zai gan shi ba. Shekara takwas ba ta taɓa saɓa wannan magana ba.

Duk hotunan suna cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur a shagonta, mai ƙugi kamar motar haya ta danfo tana hawa gada. Da Allah ya hore mata sabuwa, ta kwashe aikinta ta zuba a ciki, tsohuwar ta zama kayan tare wuri.

To, Batulu tana da wa, sunansa Shafi'i, dillalin fata ne a kwata. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Matsalarsa ɗaya: tunda aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba". Ya san ciwon mota, ya san maganin basir, ya san wanda zai ci ƙwallo kafin a buga. Ga shi da ɗaure fuska, ko dariya zai yi sai ya duba ko akwai mai kallo.

Shi ya kawo shawarar a ba da tsohuwar kwamfutar kyauta ga ofishin ƙungiyar mahauta, don sun daɗe suna neman abin buga takardun taro. Batulu ta ce ta yarda, amma sai an share komai tukuna. Shafi'i ya ce wannan ai aikin minti biyu ne. Ya zauna, ya tattara hotuna duka ya goge, ya shiga kwandon shara na kwamfutar ya zazzage shi. Ya karkaɗe hannu.

"O ti tan. Ya ƙare. Ko aljani ba zai ga komai ba."

Jama'a, ku riƙe wannan a ranku: su wa ke wuni a ofishin nan suna shan shayi? Mazan matan da ke cikin hotunan ne, da ƙannensu, da abokan wasansu.

Ranar Asabar da hantsi Shafi'i ya zo da keke mai ƙafa uku don a kwashe kaya. Ya ƙwala wa maigadin shagunan kira ya zo ya ɗauka. Maigadin sunansa Oumarou, mutumin Maradi ne, siriri, ba ya son yawan magana. Shekararsa uku a bakin ƙofar nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa aikin da yake yi kafin ya zo Legas.

Oumarou ya rungumi kwamfutar, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya. Ya juyo ya tambayi Batulu a hankali ko an wanke faifan ajiya da ke ciki, ko dai gogewa kawai aka yi.

Shafi'i ya yi dariyar da bai duba mai kallo ba. Ya ce yau ga ikon Allah, maigadi zai koya masa kwamfuta. Ya ce masa abeg ya kula da kwaɗonsa da tocilansa, ya bar wa masu boko harkar boko.

Oumarou bai ji haushi ba. Ya ajiye kwamfutar a kan benci, ya ce shekara tara ya yi a shagon gyaran odinatar, wato kwamfuta, a Maradi kafin kasuwa ta juya masa baya.

"Hajiya, abin da oga ya goge hwa yana nan. Ki ba ni awa guda in gwada miki. In ƙarya nake, ki sa a kore ni daga bakin ƙohwa."

Batulu ta leƙa waje. Ta ce wa mai keke ya tafi, za a neme shi. Shafi'i ya yi ta mita, wai an ɓata masa lokaci, ya riga ya gaya wa shugaban ƙungiya kaya na hanya.

Aka mai da kwamfutar, aka haɗa wayoyi. Oumarou ya zaro tarin makullansa, ashe a cikinsu akwai ɗan filashi da ya zo da shi tun daga gida. Ya soka, ya ɗan daddanna, wani layi ya fara tafiya a hankali. Daga nan ya juya fuskar kwamfutar ta kalli Batulu ita kaɗai, ya ɗauki kujerarsa ya koma kusurwa, ya fuskanci bango. Ya ce abin da zai fito ba na idonsa ba ne, kuma ya kamata oga ma ya fita waje.

Shafi'i ya ce ba inda za shi, ai ba abin da zai fito. Ya dai tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu yana kaɗa ƙafa.

Ko rabin awa ba a yi ba, Batulu ta dafe ƙirji. Hotuna ne ke dawowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar tumaki da yamma. Ga kamun 'yar gidan wane. Ga sunan gidan wance. Ga Hajiya Badiyya, uwar matan unguwa kuma matar shugaban ƙungiyar mahauta, ba ɗankwali, ta ɗora faranti a ka tana juyi. Batulu ta yi salati ta kare fuskar kwamfutar da mayafinta.

Shafi'i ya ce siddabaru ne. Wai maigadi ne ya zo da wasu hotuna a filashinsa don ya burge mutane.

Yana cikin magana idon Batulu ya faɗa kan wani bidiyo da ba ta san da shi ba. Ba na biki ba ne, ba na suna ba. Ta danna don ta ga mene ne. Lasifikar kwamfutar kuwa a ƙure take.

Sai ga murya ta cika shago, wata irin murya mai rawa kamar ta ɗan akuya da aka raba da uwarsa:

"Sakinatu, Sakinatu,
ke ce hanta, ke ce ƙoda,
ke ce tsokar da ba ƙashi,
in babu ke ni ganda ne..."

Ga Shafi'i nan a fuskar kwamfuta, ya karkata hula, ya dafe zuciya da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna silin.

Ashe wata Lahadi can baya, da matarsa Sakinatu ta yi fushi da shi, ya ari makullin shagon ya ce zai huta. Ya zauna gaban kyamarar kwamfutar yana gwajin waƙar ban haƙuri. Sau shida ya ɗauka. Da ya kalla ya ga abin ba na nunawa ba ne, ya goge, ya zazzage kwandon shara, ya tafi da sirrinsa.

Shafi'i ya yi tsalle ɗaya daga bakin ƙofa zuwa tebur. Wurin neman inda ake kashewa ya ƙara buɗe na biyu. A na biyun har da rawar kafaɗa.

Oumarou yana nan fuskarsa a bango, amma kafaɗunsa suna ta girgiza.

Hajiya Badiyya, wadda shagon atamfarta ke manne da na Batulu, ta leƙo da almakashi a hannu tana tambayar akuyar wa ta shigo. Ta ji baiti ɗaya, ta ga mai waƙar a tsaye yana gumi, sai ta nemi benci ta zauna don dariya ta hana ta tsayuwa. Ta ce shekara ashirin ta san Shafi'i, ba ta taɓa sanin shi ganda ba ne.

Batulu ba ta ɓoye mata komai ba. Ta gaya mata inda kwamfutar ta kusa zuwa, da abin da ke ciki, har da na faranti. Dariyar Hajiya ta tsaya cak. Ta ce da hoton nan ya isa ofishin mijinta Alhaji, da sai dai ta koma Kano da zama.

Batulu ta juya wurin wanta.

"Yaya, da yanzu tana ofis. Ka ce ko aljani ba zai gani ba."

Shafi'i ya share gumi. Ya tuna mutanen da ke ofishin nan, waɗanda in ka yi tuntuɓe a gabansu sai jikokinka sun ji labari. Ya matsa kusurwa inda Oumarou yake, ya rage murya.

"Malam Oumarou, don girman Allah, yaya ake kashe abin nan ya mutu?"

Karo na farko ke nan da aka ji ya haɗa sunan da Malam.

Oumarou ya yi musu bayani yadda kowa zai gane. Ya ce faifan ajiya kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. In ka goge hoto, sunan ɗan haya kawai ka kankare daga jikin ƙofa, ka rubuta ɗaki ba kowa. Amma mutumin yana ciki a kwance da kayansa, sai ranar da wani ya zo ya maye wurinsa. Duk wanda ya san hanya zai ƙwanƙwasa ya fito da shi.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a bi ɗakunan nan kaf a cika su da shirme, rubutun banza a kan tsohon, har ba abin da ya rage, wannan yana cin awoyi. Ko kuma a ciro faifan a lalata shi, a sa wani. Ya ce ɗaya ma ta isa, su zaɓa.

"Duka biyun," in ji Shafi'i.

Aka fara da ta farko. Da wuta ta ɗauke, Shafi'i da kansa ya ja janareta. Ya wuni a shagon yana gadin layin da ke tafiya a fuskar kwamfuta, maigadi kuma yana zaune yana shan lemon da oga ya kawo masa. Bayan la'asar aka gama. Oumarou ya sake soka filashinsa ya nemi abin da zai dawo. Ba hoto, ba waƙa, ba komai.

Hajiya Badiyya ta ce ita fa abin da idonta bai ga gawarsa ba, ba ta yarda ya mutu ba. Ta aika gida aka kawo wani tsohon turmi da ya tsage, da taɓarya. Oumarou ya kwance kwamfutar, ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe, ya buɗe shi, ya fito da faya-fayai masu ƙyalli kamar madubi. Ya jefa su a turmi, ya rufa tsumma a kai don kada ɓarɓashi ya shiga idon wani.

Kafin ka ce me, matan shagunan sun taru. Hajiya ta fara, ta ce wannan na faranti ne. Batulu ta karɓa. Kowace ta zo sai ta yi luguden ta faɗi bikin da take rama wa. Shafi'i ya ga kamar ba sa sa ƙarfi, ya tuɓe babbar riga ya karɓi taɓarya. Dillalin fata guda, a tsakiyar mata, yana daka suna yi masa tafi. Ba wanda ya ɗauki hoto, Batulu ta hana.

Da aka ɗaga tsumma, faya-fayan sun lanƙwashe sun ƙuje kamar murfin gwangwani da tirela ta taka.

Washegari Shafi'i ya je Ikeja ya samo sabon faifai, Oumarou ya sa, aka kai kwamfutar ofishin ƙungiya fes. Shafi'i ne ya gabatar da Oumarou a wurin, ya ce ga injiniyansu. Batulu ta ware masa tebur a gefen shagonta. Yanzu da safe gyara yake yi, mata na kawo masa wayoyi da kwamfutoci, don labarin mutumin da ya juya ya kalli bango ya zaga Agege.

Saura waƙa. An kashe ta a faifai, an daka ta a turmi, amma an manta da wuri ɗaya. Hajiya Badiyya sau ɗaya ta ji, ta haddace. Ba ta kai wa maza ba, ta riƙe amana. Mutum ɗaya kawai ta rera wa, ita ce wadda aka yi waƙar dominta.

Da Shafi'i ya koma gida ranar da aka yi dakan, ya tarar Sakinatu ta dafa farfesun ganda. Ta ajiye masa kwano, ta zauna ta tallafe haɓa, ta ce ba zai ɗanɗana ba sai ya yi mata daga farko, har da rawar kafaɗar.

Maƙwabta sun ce ya yi. Sun ce sau biyu ma.

Darasi: Gogewa ba sharewa ba ce. Kafin ka sayar ko ka kyautar da kwamfuta, ka nemi wanda ya sani ya wanke faifan da gaske, ko ka ciro shi ka lalata, don sirrin da ke ciki ba naka kaɗai ba ne, amanar mutane ce. Kuma kada ka raina mutum saboda kujerar da ka same shi a kai. Wanda ke buɗe maka ƙofa yana iya zama shi zai rufa maka asiri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wannan ɗan uwan naku da ya san komai. Kun san shi, kowane gida akwai shi.