Sunan Maƙeri a Ƙarƙashin Tsatsa

Akwai wani mutum wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin jirgin ruwa. Wata shekara jirginsu ya lalace a ƙasar Japan, suka daɗe a can ana gyara. Kusa da tashar jiragen ruwa akwai wani tsoho mai shagon tsofaffin kaya, mutumin nan kuwa ya mai da shagon wurin zamansa. Da ɗan abin da kowa ya tsinta na harshen ɗan'uwansa suke hira, sauran su cika da hannu. Jininsu dai ya haɗu.

Tsohon yana da waɗansu faya-fayan ƙarfe, kowanne bai fi tafin hannu ba, da rami a tsakiya. Irin faifan da ake zura wa takobi ne tsakanin ƙota da ruwansa, don ya kare hannun mai riƙe da shi. Mutanen can suna ce masa tsuba. Tsohon ya koya wa baƙonsa yadda ake bambanta wanda maƙeri ya ƙera da guduma da wanda aka yi zubinsa jiya-jiya don a cuci baƙi. Ya kuma koya masa cewa launi biyu ne ke hawa kan tsohon ƙarfe. Akwai jar tsatsa, wadda take cin ƙarfe. Akwai kuma wani baƙi mai santsi da shekaru suke shafa masa, shi wannan riga ce, shi ke kare ƙarfen, kuma da shi ake gane tsufansa.

Ranar da jirgi zai tashi, tsohon ya ɗauko faifai ɗaya mai zanen tsuntsu a kan reshe, ya nuna masa waɗansu ƙananan zane a gefen ramin. Ya ce, "Sunan kakan kakana ne, shi ya ƙera shi. Ba ni da ɗa. Ka tafi da shi, amma kada ka bar sunan nan ya ɓace." Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya yi alkawari.

Daga nan son abin ya shige shi. Duk tashar da suka tsaya sai ya bi shaguna yana nema, har ya tara da dama a cikin wani akwatin katako. Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa ya koma garinsu da matarsa, wadda ake kira Maman Godiya. To, wata damina aka yi ruwa mai yawa, bangon ɗakinsa ya faɗi, akwatin ya fashe. Aka tono sauran duka, amma mai tsuntsun nan ko sama ko ƙasa. Ya tona, ya tankaɗe ƙasa, har ya gaji. Tun daga ranar bai ƙara duban sauran faya-fayan da daɗin rai ba, gama wanda aka ba shi amana shi ne babu.

Shekaru suka wuce. Wata safiya Maman Godiya tana shirin shuka kuɓewa a kangon ɗakin, sai fartanya ta bugi wani abu, ƙwal! Ta ɗauka, ta kakkaɓe, ga faifan nan, tsatsa ta rufe shi jawur. Murna ta kama ta. Maigidan ya tafi gona, sai ta ce a ranta, kafin ya dawo zan sa abin nan ya yi ƙyalli.

Matan zumunta na ikilisiyar nan, kada ku sunkuyar da kai, na san ku sarai. Wace ce a cikinku za ta ga ƙarfe ya yi tsatsa ta bar shi ya kwana? Maman Godiya kuwa ta fi ku duka, tukunyarta har fuska ake dubawa a gindinta. Ta ɗebo toka da yashi, ta yanko lemun tsami, ta ɗauko soson ƙarfe, ta zauna a bakin murhu. Daga gefe ta fara, tana dirzawa tana waƙa, tana matsowa tsakiya. Tsatsa tana fita, baƙin nan mai santsi yana fita, fiffiken tsuntsun ma yana bin su.

Saura kamar faɗin yatsa ta kai ramin, sai ga maigidan ya shigo. Ya yar da fartanya, ya ce, "Maman Godiya, tsaya! Don Allah tsaya!"

Ta ɗago da fara'a, ta ce, "Baban Godiya, ga abinka na samo. Dubi yadda ya fara haske."

Ya karɓa ya duba. Gefen ya yi fari fat kamar murfin sabuwar tukunya. Da ta ga fuskarsa sai jikinta ya yi sanyi, ta ce, "Na ɓata ne?"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya dube ta ya ga hannunta duk ya yi ja saboda dirza, ya kuwa san ƙauna ce ta sa ta. Ya ce, "Ke kika samo shi, ni da na fid da rai. Inda sunan yake ba ki kai ba tukuna. Ki dafa mini ƙashin saniya har maiƙon ya fita, ki shanya."

Da ƙashin ya bushe ya fasa shi, ya ɗauki ɗan tsinke. Haka tsohon ya koya masa, domin ƙashi ya fi tsatsa ƙarfi, amma bai kai ƙarfe ba. Kullum da hantsi ya zauna a inuwa yana kankarewa kaɗan-kaɗan, ya goge da tsumman auduga, ya ajiye. Maman Godiya takan leƙo ta ce, "Har yanzu?" Shi kuwa ya ce, "Da saura." Ba wanda ya san ko tsatsa ta riga ta cinye sunan.

Aka girbe gero, aka girbe dawa. Ran nan yana cikin kankara sai wani ɓawon tsatsa ya ɓalle, ga ɗan zane ya fito. Ya bi shi a hankali, na biyu ya fito, sauran suka biyo. Bai iya karatun mutanen can ba, amma waɗannan zane ya san su kamar tsagar fuskar mahaifiyarsa. Ya kira matarsa, suka tsaya suna kallo, hawaye yana zubo masa. Ya ce, "Sunan yana nan."

Gefen da aka dirje kuwa, Maman Godiya ce ta roƙa a bar mata. Ta ƙulle faifan a tsumma a bakin zanenta, in ta zauna ta yi ta shafa shi da auduga. Sannu a hankali farin ya fara komawa baƙi. Fiffiken tsuntsun dai bai dawo ba har yau.

To, ga ma'anar wannan misali, ku kasa kunne. Faifan nan shi ne ɗan'uwanmu ko 'yar'uwarmu da ta ɓace daga cikinmu, ta daɗe a kango, sa'an nan Ubangiji ya komo da ita. Jar tsatsa zunubi ne, dole kuwa a cire ta, gama in an bar ta za ta cinye mutum. Sunan da ke gefen ramin shi ne sunan Mahaliccinmu, wanda ya sa a kan kowane ɗayanmu tun ran da ya yi mu.

Toka da yashi kuwa mu ne, 'yan'uwa, kuma wannan abu yana ɓata mini rai. Mutum ya dawo sujada yau, kafin ya zauna mun taso masa, wannan da faɗa, wancan da gori, waccan da tonon abin da ya wuce, duk muna cewa gyara muke yi. Sau da yawa da ƙauna muke yi, kamar Maman Godiya. Amma muna kankare tsatsar tare da mutuncinsa da ɗan ƙarfin halin da ya kawo shi, mako mai zuwa mu ga wurin zamansa wayam.

Ubangiji bai yi da mu haka ba. Da haƙuri ya bi da ni, da haƙuri ya bi da ku, kaɗan yau, kaɗan gobe. Wanda kuma ya riga ya dirji wani, kada ya karai. Ya je ya nemo shi, ya riƙe shi kusa, zai warke ko da tabo ya rage.

Saboda haka, in wanda ya ɓace ya shigo ta ƙofar nan ran Lahadi, ku ajiye soson ƙarfe a gida. Ku matsa masa a benci. Sunan yana nan a jikinsa, Mai sunan kuwa bai manta ba.