Hannun Jatau Maƙeri

A zamanin da, an yi wani sarki mai rowar abu mai kyau. Da ya ga takobin da maƙeri Jatau ya ƙera, sai ya kafa doka: kada Jatau ya sake ƙera wa kowa ko allura, sai fada. Aka ba shi gida da riguna. Duk abin da ya ƙera, a yaba, a shafe da mai, a kulle a taska. Ku ji wauta irin ta manya.

Shekaru suka tura. Ran nan a gaban baƙi, sarki ya zare sabon takobi don alfahari, ya sari itace, takobin ya karye biyu. Sarki ya rantse sai an sare hannun da ya kunyata shi.

Waziri Barau ya je maƙera, ya tarar da toka ta yi sanyi. Jatau bai ko roƙi arziki ba. Ya ce, "A sare, Waziri. Ya daɗe da mutuwa."

Waziri ya koma, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce sara ai hutu ne, a fara ƙasƙanta shi tukuna. A tura shi ƙauye ya ƙera wa talakawa fartanya, in kaka ta yi a sare. Sarki ya yarda.

Fartanyarsa ta farko, wata gwauruwa mai suna Kande ta saya. Kafin azahar ta dawo ta jefa masa a ƙafa, bakin ya lanƙwashe. Ta ce ciyawa na cinye mata gero, shi yana wasa da cikin marayunta. Jatau ya fusata, ya hura wuta, ya yi ta dukan ƙarfe har gumi ya rufe masa ido. Kande ba ta gode ba. Maƙwabtanta ta turo.

Da kaka aka kawo shi fada, Hauni mai sara na tsaye. Waziri ya ajiye fartanya ɗaya, ya roƙi sarki ya gwada. Sarki ya sare ta da takobi, takobin ne ya yi giɓi. Ya tambayi Jatau dalilin da ya fifita talaka a kansa.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ba ka taɓa dawo mini da aiki ba. Su kuwa suna jiransa."

Sarki ya daɗe yana kallon giɓin. Sannan ya sallami Hauni, ya soke dokar, ya ce Jatau ya koma, masu girbi na jiran lauje.